Albishirin da Na Kai wa Surukar Mamoni

Shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar Mamoni, kuma har yau ban san inda aka kai gawarta ba, ban ma san takamaimai ranar da ta cika ba. Watan kawai na sani, wannan da muke ciki, lokacin da itatuwan Greensboro suke gama zubar da ganye kowa ya shiga neman rigar sanyinsa. Duk shekara idan ya zagayo nakan ce zan rubuta wani abu a kanta, sai in ɗauki biro in ajiye. Bana ba ni da damar ajiyewa. 'Yarta Junali tana wani ƙauye a arewacin Indiya, an tsayar da lokacin bayar da ita aure, takardar da za ta iya fitar da ita daga can kuwa tana cikin akwatina, ni kuma ba ni da hanyar miƙa mata.

Ni Binta ce, haifaffiyar Fagge a Kano. Na biyo mijina Malam Sani nan Amurka da 'ya'ya biyu, shi yana tuƙa babbar mota, ni kuma na samu aikin gyaran ɗakuna a wani ƙaramin otal da ke bakin babban titi, gabas da gari. Otal ɗin na wasu Indiyawa ne, wa da ƙani. Wan shi ne mai shi, shi ke zama a kanta yana karɓar baƙi. Ƙanin wani mutum ne mai ɗingishi da ba ya son magana, shi ke gyaran famfo da yankan ciyawa. Mamoni matar ƙanin ce. Ranar da na fara aiki aka haɗa ni da ita, ta koya mini yadda ake naɗe kusurwar zanin gado ya miƙe ba lanƙwasa ko ɗaya. 'Yar siririya ce, gajera, idan ta tura keken tawul da ƙyar ake hango kanta ta bayansa. Na girme ta da kusan shekara ashirin.

Ni irin matan nan ne da suka tashi da fim ɗin Indiya. Tun muna 'yan mata mun haddace waƙoƙinsu, ba mu san ma'anar kalma ɗaya ba, amma ko a wajen wanke-wanke su muke rerawa. A kaina Indiya ƙasar soyayya ce, inda saurayi yake bin budurwa cikin furanni yana kuka saboda ita. Don haka da na samu Ba'indiya tawa ta kaina, ai sai na saki baki. Ina girgiza matashi ina rera mata waƙa, ina karya wuya yadda na ga ana yi. Ta yi dariya har sai da ta zauna a bakin gado tana riƙe ciki. Da ta samu numfashi ta ce mini, cikin guntun Turancin da muke lallaɓawa da shi ni da ita, wannan ba ma yarensu ba ne, ita ma da girmanta ta koye shi. Ban tambaye ta a ina ta koya ba, ban tambaye ta dalili ba. Ni dai in an bar ni da surutuna, tambaya ba ta cika zuwa mini ba.

Suna zaune a McLeansville, wani gida shi kaɗai a bakin gona, ita da mijinta da uwar mijin da Junali, wadda take shekara biyar lokacin da abin da zan faɗa ya faru. Ba bas a wajen, ita kuma ba a koya mata mota ba, saboda haka ni nake biyawa in ɗauke ta da safe in mayar da ita da yamma. Didi take kirana, wato Yaya. Ranar Asabar nakan soya ƙosai in taho da shi, Junali tana kujerar baya tana ci tana goge mai a jikin kujerata, ina yi mata tsiya cewa ubanta zai biya ni wankin mota. Uwar mijin kullum tana zaune a baranda da kofin shayi. Ina durƙusawa in gaishe ta yadda aka koya mana gaida manya, in ce mata Mama, ita kuma ta ɗaga mini kai. Na ɗauka muna shiri.

Da Mamoni ta samu ciki, ni na gane da kaina, ba ta faɗa mini ba. Ban ga abin mamaki ba, mu ma a gida wace mace ce take buɗe baki ta ce tana da ciki? Da ya kai wata biyar asibiti suka sa mata ranar hoton ciki, mijinta yana da aiki, sai ni na kai ta, muka tafi da Junali. Ta ce in shiga da ita. Baturiyar da ke ɗaukar hoton ta tambaye ta ko tana son sanin abin da za ta haifa. Ta ce e. Matar ta yi murmushi ta ce mace ce, lafiyayya, ga hannu ga ƙafa. Na yi guɗa a hankali don kada a kore mu. Mamoni ta juya fuskarta bango, hawaye yana gangarowa cikin kunnenta. Na ce a raina, Allah sarki, daɗi ne ya yi mata yawa.

A mota, muna dab da gida, ta kama hannuna ta ce, "Didi, kada ki faɗa."

Na yi dariya. Wallahi dariya na yi. Sau nawa na ji wannan maganar a bakin ƙannena da 'ya'yan 'yan'uwana? Yarinya ta ce don Allah Yaya kada ki faɗa wa kowa, kunya nake ji, ke kuma babba aikinki ne ki yi kunnen uwar shegu da ita ki kai labari inda ya kamata. A wajenmu mace ba ta tunkarar surukarta da maganar ciki, sai wata babba ta shige mata gaba. Kuma mai kai labarin alheri ba ta dawowa hannu wofi, ana ba ta goron albishir. Ni a tunanina gata nake yi mata, tunda ba ta da uwa ba ta da yaya a ƙasar nan sai ni.

Muna tsayawa, tana can tana kwance wa Junali bel ɗin kujera, na riga ta fita. Na taka barandar nan da saurina, na durƙusa gaban tsohuwar, na ce mata na zo da labari mai daɗi amma sai ta biya ni, haka al'adarmu take. Na miƙa tafin hannu ina wasa. Na ce mata Junali ta samu ƙanwa. Fuskar matar nan ba ta motsa ba. Ta ajiye kofinta, ta tashi ta shiga ciki, ta dawo da wata alewar madara da suke yi ta ɗora mini a hannu. Na jefa a baki, na ce ta yi daɗi. Da na waiwaya, Mamoni tana tsaye a tsakiyar tsakuwar ƙofar gida riƙe da hannun 'yarta, ba ta matso ba kuma ba ta koma ba. Na ɗaga mata hannu na ce sai da safe, na ja motata ina rera waƙa har gida.

Washegari muna ɗaki na goma sha huɗu ta tura ƙofa ta murɗa makulli, abin da ba a yarda mu yi ba. Ta zauna a ƙasa ta jingina da gado, ta ce, "Didi, kin san ni saye na aka yi?"

Daga Assam take, can gabashin Indiya, inda ruwa ya cinye musu gona. Tana 'yar shekara goma sha shida wani mutum ya zo ƙauyensu ya ce akwai aikin gida a birni, iyayenta suka sa mata albarka. Kwana da kwanaki a jirgin ƙasa, aka sauke ta a wani ƙauye a jihar Haryana, can arewa, inda ba ta jin yaren kowa. Wannan tsohuwar mai shan shayi ita ta duba haƙoranta da tafin hannunta, sannan aka shigar da ita ɗakin ɗanta mai ɗingishi. Ta ce ƙauyen maza ne birjik, mata kaɗan, domin an daɗe ana leƙa ciki da na'ura, in mace ce a fitar. Da samarin suka girma suka rasa matan aure, sai aka koma sayowa daga garuruwan talakawa. Irinta suna da yawa a ƙauyen, ba a kiran su da sunansu, ba a gayyatar su biki. Sau biyu tana ɗaukar ciki, sau biyu ana kai ta wani ɗaki a bayan kantin magani a cikin gari, ta dawo ba komai. Junali ta tsira ne don takardun tafiya Amurka sun fito ana tsakiyar cikinta, hankalin kowa ya koma kan tafiya, tsohuwar kuma ta yi mafarki namiji ne. Da aka haife ta a nan ba wanda ya damu ya raɗa mata suna, sai da ma'aikaciyar asibiti ta tsaya da takarda, Mamoni ta ba da sunan ƙanwarta da ta baro a gida.

Wannan karon ta yi niyyar ce musu jaririn ya juya baya, ba a ga komai ba, ta yi ta jan su da haka har lokaci ya wuce. A nan ƙasar ba za su iya tilasta mata ba, domin likita zai keɓe ta ya tambaye ta ita kaɗai. A can kuwa ba mai tambayar ta.

Na ce, "Me ya sa ba ki gaya mini ba?"

Ta ce, "Na ce miki kada ki faɗa."

Iyakar abin da ta ce ke nan. Ba ta zage ni ba, ba ta ɗaga murya ba. Da ma ta mare ni, da na fi samun sauƙi. Ta tashi ta buɗe ƙofa, ta kama ɗaya gefen zanin gadon ta jira in kama nawa.

Ba a yi kwana goma ba aka ce akwai biki a ƙauyensu can Indiya, tsohuwar za ta je, kuma Mamoni da Junali za su raka ta, mijin ma zai bi su. A nan na yi kuskurena na biyu, kuma shi ba ni da al'adar da zan laɓe a bayanta. Na gaya wa Malam Sani komai, na ce zan kira 'yan sanda. Ya ce, "Binta, green card ɗinmu yana pending, takardar zama ba ta fito ba, ke kuma za ki kira police a kan mutumin da ya ba ki aiki? In suka ce family trip ne, tafiyar iyali kawai, me za ki nuna? Ki rufa mana asiri, muna da yara." Na daɗe ina jin haushinsa a kan wannan maganar, amma gaskiya wayar a hannuna take, ba a nasa ba. Tsoro ne ya kama ni. Na ce wa kaina wataƙila bikin ne da gaske, wataƙila zaman Amurka ya sauya su.

Ranar ƙarshe da ta zo aiki ta same ni a ɗakin wanki. Ta zaro wata takarda a ninke daga cikin rigarta ta cusa a jakata, ƙarƙashin dardumar sallata. Ta ce, "Wannan ce shaidar a nan aka haifi Junali. In na dawo ki ba ni. In ban dawo ba ki ba ta." Na ce ta daina irin wannan maganar, za ta dawo lafiya in sha Allahu. Na ce ta gudu, ta zo gidana yau ɗin nan. Ta ce fasfo ɗinta da na yarinyar suna wajen tsohuwar, kuma yanzu duk ranar da ta fito aiki ana riƙe Junali a gida. Ba za ta tafi ta bar ta ba ko na yini ɗaya.

Bayan mako shida mijin ya dawo shi kaɗai, ya ɗauki injin yankan ciyawarsa kamar jiya ya ajiye. Na je kanta na tambayi wan. Bai ɗago daga kwamfutarsa ba ya ce zazzaɓi ne ya kama ta a can, ta rasu, yarinyar kuma za ta zauna wajen kakarta. Matarsa ce ta biyo ni wajen ajiye motoci daga baya, tana waige-waige, ta ce mini ba zazzaɓi ba ne. Cikin ya yi girma da yawa, jini ya ɓalle, kafin a samu motar kai ta babban asibiti ta tafi. Ta roƙe ni kada in ce ita ta faɗa. Ban ƙara taka otal ɗin ba. Bayan shekara biyu suka sayar da shi suka bar jihar, na ji an ce an sake kawo wa ƙanin wata matar.

Tun muna makarantar allo ake ba mu labarin mutanen jahiliyya masu binne 'ya'ya mata da ransu, muna jin abin kamar tatsuniya, wani abu da ya wuce tun kafin kakannin kakanninmu. Ban taɓa zaton zan ci alewar irin wannan aikin da bakina ba. Tun daga ranar ban ƙara zama gaban fim ɗin Indiya ba. Ba don 'yan fim ɗin sun yi mini laifi ba, kunyar kaina nake ji, yadda na zauna kusa da mace shekara uku ina yi mata rawar ƙasarsu, ban taɓa lura ba ta taɓa kiran gida a waya ba.

Nakan tambayi kaina me Mamoni za ta ce da ta ga yau. Bara 'yata Khadija, wadda a nan ta girma, in na yi mata Hausa ta amsa mini da Turanci, ta shirya irin taron nan da yaran yanzu suke yi na bayyana ko mace ce ko namiji tun ciki bai fito sosai ba. Aka taru a wani filin shaƙatawa kusa da unguwarmu, 'yan Najeriya da 'yan zangon Ghana, ga shinkafa ga nama. Aka fasa wani ƙaton balan-balan, takardu ruwan hoda suka zubo, mace ce. Kowa ya ɗauki ihu, mijinta ya rungume ta yana tsalle. Ni kuwa na lallaɓa na shige mota na rufe gilashi. Ina jin da Mamoni tana wurin da ta tsaya kallon fuskar mijin nan, ta daɗe tana kallo, don ta tabbatar murnar ta gaske ce. Da kuma ta juyo ta tambaye ni me ya sa dole sai duniya ta sani tun yanzu.

Kuma kada mu yi saurin wanke kanmu. A wannan taron na ji wata Hajiya tana ce wa uwar mijin Khadija, "To, Allah ya raya, na gaba kuma Allah ya kawo magaji." Da fatan alheri ta faɗa, ni ma na sha faɗar irinta a da. Mu ba ma zubarwa, alhamdu lillahi, ba ma sayen mata a jirgin ƙasa. Amma na san gidajen da in aka ce mace ce a karo na huɗu, barkar takan yi sanyi, maigida ya tashi ya fita. Yanzu in na ji irin wannan sai in rasa abin cewa, ni da a da ba a raba ni da magana.

Ban zauna haka kawai ba a shekarun nan. Da takardunmu suka fito na je wajen lauya. Ta saurare ni har ƙarshe, ta ce yarinya tana wajen kakarta da yardar ubanta, ni kuma ba dangi ba ce, ba ni da hujja sai maganar wata mata a wajen ajiye motoci. Ta ce abu ɗaya ne a hannuna: ranar da Junali ta cika shekara goma sha takwas ba ta buƙatar sa hannun kowa, in ta isa ofishin jakadancin Amurka da shaidar haihuwarta za a saurare ta. Sai dai dole ita ta san da haka, kuma dole ta isa da ƙafarta. Ni kuwa ko sunan ƙauyen ban riƙe daidai ba, sau ɗaya na ji shi a bakin Mamoni. Na zama mahaukaciya a gari, duk Ba'indiyen da na gani, a gidan mai ko a kanti, sai na tare shi ina furta masa rabin suna. Wasu su yi mini kallon mai taɓin hankali, wasu su ba ni haƙuri.

A haka na haɗu da Anti Lalita, mai ba da magani a kantin da nake karɓar maganin sukarina. 'Yar kudancin Indiya ce, ta kusa ritaya. Ta fito daga bayan kanta ta zaunar da ni, na ba ta labari, ta yi kuka tare da ni. Ta ce su huɗu ne mata a wajen ubansu, kuma duk ya kai su jami'a yana alfahari da su, kada in ɗauka duk ƙasarsu haka take. Ta rubuta rabin sunan nan a bayan wata takarda. Shekara uku tana bincike ta hannun 'yan'uwa da abokan karatu, ƙauyuka masu irin sunan suka fi biyar. Bana da ta je ganin gida ta ɗauki hayar mota ta bi su ɗaya bayan ɗaya, a na huɗu ta dace.

Ta samu tsohuwar da ranta, ido ya tafi, tana zaune a kan gadon igiya a tsakar gida. Anti Lalita ta ce mata daga Amurka take, ta biyo ta gaishe ta. Tsohuwar ta shiga yi mata kukan duniya ta lalace, jikokinta maza uku sun girma ba mata, duk yankin an rasa 'yan mata, ko ina 'yan matan suka tafi oho. Anti Lalita ta ce mini sai da ta ciji leɓenta don kada ta amsa mata. Sannan tsohuwar ta ce amma an samu mafita: wani gida a wata jiha za su ba babban jikan 'yarsu, su kuma a ba su Junali, za a yi bayan girbin alkama. Mutumin da za a ba wa ya haura arba'in, kuma yana da ƙanne biyu da ba su da mata. Anti Lalita ta nemi ganin yarinyar aka ce ta tafi gona. Ta zauna har rana ta yi sanyi ba a kira ta ba.

Da za ta shiga mota wata maƙwabciya ta matso kamar mai neman sadaka. Ita ma sayo ta aka yi, daga yankin su Mamoni, kuma ita ta riƙe kan Mamoni a ranar da ta cika. Ta ce an gaya wa Junali uwarta guduwa ta yi ta bar ta. Ba ta san a Amurka aka haife ta ba, an ce mata mafarki take yi, amma takan ba da labarin wata baƙar mata mai mota da take ba ta wani soyayyen abu mai zafi a takarda. Anti Lalita ta rubuta lambar waya biyu a ƙyalle, tata a sama, tawa a ƙasa, matar ta ɗaure a bakin mayafinta.

Na ce zan je da kaina. Wannan karon Malam Sani bai hana ni ba, har ya ce zai raka ni. Anti Lalita ce ta ce kada mu kuskura. Baƙar mace da hijabi a ƙauyen nan, tun daga kan titi labari zai riga ni isa, kafin in sauka daga mota an ɗauke yarinyar an kai ta inda ba mai sake jin ɗuriyarta. Ƙungiyoyin mata da ta tuntuɓa a can sun ce za su taimaka, amma sai yarinyar ta nuna tana so, ta faɗi rana da wurin da za a same ta. Komai ya tsaya a kan ta kira. Don haka Anti Lalita ta koya mini jimla uku a yaren da Junali take ji. Na rubuta su da ajami na manna a jikin firij, ina maimaitawa bayan kowace salla har suka zauna mini kamar karatun yarinta.

Yanzu aikin kula da wata tsohuwar Baturiya nake yi a Irving Park, cikin wani ƙaton gida da 'ya'yanta suka bar ta ita kaɗai. Dokar aikin ba a riƙe waya, ni kuwa a aljihu nake barin tawa, in za su kore ni su kore ni. Mako uku da suka wuce, da hantsi, ina tsakiyar yi mata wanka, hannuna duk kumfa, wayar ta yi ƙara. Lambar Indiya ce. Na ɗauka da jiƙaƙƙen hannu. Ba a yi magana ba, sai numfashi, da kukan wata dabba daga nesa. Na buɗe baki, jimlolin nan uku suka ɓace mini ɗungurungum, ko harafin farko ban tuna ba. Abin da ya fito shi ne sallama, da Hausa, sai kuka ya ci ƙarfina. Numfashin ya ɗan tsaya yana saurare. Can na ji muryar namiji daga nesa, aka kashe. Na kira lambar ya fi sau talatin a ranar, a rufe take, har yau a rufe take. Ba a kira Anti Lalita ba. Ban san ko ita ce ba, amma in ita ce, ta tsallake lambar sama ta zaɓi tawa, ni kuma ban ba ta komai ba sai kuka.

Idan na zauna ina auna abin da ya rage na Mamoni a duniya, ba shi da yawa. Ba kabari, ba hoto ko ɗaya, iyayenta a Assam wataƙila har yanzu suna zaton tana aikin gida a birni. Akwai yadda nake naɗe kusurwar zanin gado, wanda tsohuwar Baturiyar nan take yabawa kullum. Akwai maƙwabciyar da ta riƙe kanta. Sai Junali, wadda ita ce kaɗai abin da Mamoni ta yi nasarar hana su ƙwacewa, kuma ta zaɓi ta bi ta zuwa inda ta san abin da ke jiran ta maimakon ta bar ta yini ɗaya. Yarinyar nan tana kwana tana tashi da cewa uwarta ta gudu ta bar ta. Wannan ya fi komai hana ni sukuni, har ya fi laifina.

Na san mutanenmu da yawa suna zuwa Indiya, wasu jinya, wasu karatu, wasu sun shekara a can har sun iya yaren. Shi ya sa na rubuta wannan da Hausa, ba don a tausaya mini ba, ban cancanta ba. In akwai wanda yake da wata amintacciyar mace 'yar ƙasar da za ta iya shiga ƙauye ba a kula ta ba, ya nemi masu wannan jarida, sun san inda nake. Yarinyar tana da tabo a girar hagu, a ƙofar motata ta samu. Ba na neman kowa ya yi faɗa ko ya ɗauko ta. Jimla uku ne kawai, waɗanda suka ɓace mini ranar nan, ga su da Hausa, duk wanda ya iya ya juya mata su: Uwarki ba ta gudu ta bar ki ba. Kina da inda za ki je. Ki sake kira.